Ranar da Na Shafa wa Birkin Baba Mai

Ni tela ce, kuma a sana'armu duk abin da ya yi ƙara mai yake nema. Haka uwar ɗakina ta koya mini tun ranar da na fara zama gaban keken ɗinki. In ya soma kuka ba a tsayawa wata shawara, a buɗe shi a ɗiga masa mai, a taka sau biyu, shi ke nan ya yi tsit. Da 'yar kwalbar nan mai dogon baki nake bin komai a gidanmu, almakashi ne, kwaɗo ne, ƙyauren banɗaki ne. Ni dai a sanina babu ƙarfen da mai yake cuta. Keken hawa kuwa ban taɓa ɗora ƙafata a kansa ba, ko sau ɗaya.

Bayan rasuwar mijina na dawo gidanmu a Nasarawa Gwom, cikin garin Jos. Daga ni sai mahaifina, don mahaifiyarmu ta riga ta rasu, 'yan uwana maza kuma kowa yana nasa gidan. Baba ƙwai yake sayarwa. Kullum da safe sai ya ɗaure kiret-kiret ɗinsa babu komai a kariyar keke, ya nufi wata gonar kaji can saman Jos Jarawa, ya ciko su, ya gangaro ya rarraba wa masu shayi da masu shago a unguwar Congo-Russia. A lokacin ya ba saba'in baya, kunnensa ya yi nauyi ƙwarai, sai ka ɗaga murya kamar kuna faɗa sannan zai ce, "Na'am?" Amma in yana kan keke ba ka ce tsoho ba ne. Baƙin keke ne irin na da, mai birkin sanda, ina jin ya girme ni. Baba bai taɓa bin hannun da ba nasa ba, ba ya karya kwana sai ya miƙa hannu, in ya zo mahaɗa kuwa sai ya sa ƙafa ƙasa ya duba hagu da dama. Yakan ce mai keke ba shi da ƙarfen da zai tare masa, jikinsa ne bodin motarsa.

Aibin keken nan ɗaya ne, birkinsa ihu yake yi. Lungunmu gangare ne, gidanmu yana can ƙasa, saboda haka tun daga bakin titi za ka ji dawowar Baba, ƙiiiii, har haƙorana tsami suke yi. Matan da ke kawo mini ɗinki su yi ta dariya suna cewa, "Tela, ga jirginku nan ya sauka." Abin yana ba ni haushi ba kaɗan ba. Na yi masa magana ya fi a ƙirga, amsarsa ɗaya ce: "Uwata, ni fa ban ji komai ba." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Wata Laraba bayan la'asar, a ƙarshen damina, ya tafi gaisuwar mutuwa da ƙafa, ya bar keken a jingine a zaure. Ni kuma na fito da kwalbata zan ɗiga wa ƙyaure, sai idona ya faɗa kansa. Na tsuguna, na matsa hannun birkin, na ga wasu 'yan baƙaƙen robobi biyu sun taso sun cafke ƙarfen da taya take kai. Na ce, af, ashe ku ne kuke hana ni sakat. Na ɗiga musu mai, ban yi rowa ba. Na ɗaga tayar na juya ta don man ya bi ko'ina, na koma ta baya na yi mata haka, sannan na sa ƙyalle na goge har ƙarfen yana ɗaukar ido. Na matsa birkin, shiru kake ji. Wallahi har tafi na yi wa kaina. Ban gaya masa ba, so nake ya ji a bakin maƙwabta.

Washegari wajen ƙarfe bakwai ya tura kekensa ya haura lungun kamar kullum. Na yi masa a dawo lafiya, bai ji ba.

Can wajen takwas da rabi na zauna zan ƙarasa wani anko, sai na tarar kwalbata ta ƙare tas. Na zura hijabi na haura bakin titi wurin mai gyaran keke, don shi ke sayar da man a 'yan kwalabe. Abokin Baba ne tun suna samari, Kawu muke ce masa. Na same shi ƙarƙashin rumfarsa ya kifa wani keke yana ɗaure masa sarƙa. Muka gaisa, ya ce, "Tela, shan man nan kike yi ne? Ba ranar Lahadi kika saya ba?"

Na ce, "Kawu, aikinka na yi maka. Keken abokinka da ka kasa hana shi ihu, jiya na gyara shi."

Ya yi dariya ya ce, "Da allura ko da almakashi?"

"Da mai mana. Robobin nan na birki, su na jiƙa."

Dariyar ta tsaya. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa a hankali ya ce, "Sake faɗa."

Na sake faɗa, amma wannan karon muryata ta yi ƙasa.

"Na gaba ko na baya?"

"Duka biyun."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ina yake?"

"Ya tafi ɗauko ƙwai."

Ban gane ba har lokacin, na ce ai mai ba ya ɓata ƙarfe. Kawu bai tsaya gardama da ni ba. Ya juya tayar keken da ke gabansa da ƙarfi, ya matsa birki, ta tsaya cak. Ya fizgi kwalba ɗaya cikin na man da yake sayarwa, ya ɗiga ɗigo biyu kacal a kan robar, ya sake juyawa, ya matse da dukkan ƙarfinsa har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Tayar ta ci gaba da gudunta, ko a jikinta. Ya ce, "Ɗigo biyu ke nan, kuma babu kowa a kai. Ke nawa kika zuba?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Garin neman gira na je zan rasa ido.

Na ciro waya na kira Baba. Ta yi ta ringi har ta katse. Na sake, na sake. Na san wayarsa tana can cikin aljihun jamfarsa, ko a kunnensa aka ɗora ta da ƙyar zai ji. Lambar masu gonar kuwa babu wanda yake da ita a cikinmu. Kawu ya ce, "Tafiya hawa ne, rabinta ma turawa yake yi. A miƙaƙƙiyar hanya ba kaya birkin zai ɗan kama, ba lalle ya gane ba. Dawowar ce abin tsoro, da kiret goma sha biyu a bayansa. In muka riske shi kafin ya baro gonar, shi ke nan." Yana magana yana cusa kaya a aljihu: sababbin robobi huɗu, sifana, guntun sanfefa, tsumma, da ɗan fetur a gora. Ko rumfar bai rufe ba, muka tare adaidaita sahu.

Rabona da Jos Jarawa tun ina budurwa, tun kafin rikici ya raba garin nan, ya zama kowa ya san inda ƙafarsa take tsayawa. Baba ne kaɗai a gidanmu bai taɓa fasa zuwa ba, yana cewa kajin ba su san da wannan zance ba. A wata rana daban ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan shiga da hijabina ba. Ran nan sai da muka yi nisa na ma tuna.

Cunkoson safe ya riƙe mu. Ina ta cewa mai adaidaita, "Don Allah malam ka yi sauri," yana cewa, "Hajiya, in tashi sama ne?" Kawu kuwa idan hankalinsa ya tashi surutu yake yi. Ya ce sarƙa kaɗai ake ɗiga wa mai, ita ma kaɗan, a goge na sama. Ya ce birkin da ke ihu datti ne ko robar ta yi santsi, sai a wanke ƙarfen tayar a goga wa robar sanfefa, aikin minti biyar, ya yi ta ce wa Baba ya kawo yana cewa shi bai ji komai ba. Ya ce shekara nawa yana faɗa wa mutane kafin su hau su matsa birki su tura keken gaba su gani ko zai tsaya, amma babu mai yi, kowa sai ya ce ai jiya lafiya lau yake. Wani mutum ya taho ta hannunmu a kan keke da tukunyar gas a bayansa, Kawu ya leƙa ya daka masa tsawa, "Koma hannunka, ɗan neman mutuwa!" Ni dai ji nake kamar in toshe masa baki, amma da wane ido? Duk mai keken da na hango da farar hula sai in ɗauka Baba ne. Ina ta salati, ina rasa inda na tsaya, ina sake farowa.

Da muka bar kwalta muka fara hawa tsakanin duwatsu sai na fara samun ɗan ƙwarin gwiwa, tunda ba mu gamu da shi ba, na ce to yana can. Muka isa gonar. Matar da ke da ita tana tsaye bakin ƙofa da takalmin roba, tana wanke mazubin ruwan kaji. Ban ko gaishe ta ba na ce, "Mama, tsohon nan mai keke, mai ɗaukar ƙwai, yana ciki?"

Ta dube ni ta ce, "Baba? Ai yanzun nan ya tafi. Ke 'yarsa ce? Ga kama nan."

"Ta ina ya bi? Ba mu gan shi a hanya ba."

Ta nuna bayan gonar. Ta ce in ya ɗauki kaya ba ya komawa ta inda ya zo, wata 'yar hanya yake bi da ta gangara kai tsaye ta faɗa babban titi, inda tifofin yashi suke wucewa. Mota ba ta bin ta. Kawu ya gaya mata abin da ke faruwa a taƙaice, ta saki mazubin ta ɗora hannu a ka. Kawu ya ce shi gwiwarsa ba za ta iya gangaren ba, zai zagaya da adaidaita ya tare ta ƙasa. Ni ban jira ya gama ba, na tattare hijabina na bi hanyar da gudu.

An yi ruwa kafin asuba, ƙasar da laushi, saboda haka sawun tayarsa yana nan ɓaro-ɓaro. A gefen sawun kuma ga sawun takalminsa. Turawa yake yi! Wurin tsaye yake sosai, ga duwatsu, kuma Baba ba ya hawa a irin wannan wuri da kaya. Na ce alhamdu lillahi, Allah Ka sa ya gane, Allah Ka sa haka zai tura har ƙasa. Ina gudu ina ƙwala masa kira, alhali na san ko a bayansa nake ba zai ji ba.

Inda duwatsun suka ƙare hanyar ta miƙe, doguwar gangara mai shinge hagu da dama. A nan sawun takalmin ya ƙare. Saura sawun taya kaɗai.

Wayyo Allah. Na ci gaba da gudu. Da farko sawun a miƙe yake. Can gaba kaɗan sai ga wani dogon layi a gefen dama, inda ya sa ƙafa yana jan ƙasa. Sai ga wani a hagu. Sai na ga takalminsa ɗaya a tsakiyar hanya, baƙin takalmin roba da na saya masa da sallah. Na ɗauka, ban san dalili ba, na rungume shi na ci gaba. Daga nan sawun ya fara karkacewa, ga fasasshen ƙwai ɗaya, ga biyu, ga kiret guda a kife. Sai na ji hon ɗin tifa daga ƙasa, dogo, irin wanda direba yake dannawa bai saki ba. Ban sani ba ko saboda Baba ne ko ba shi da alaƙa da mu, ni dai na ji fitsari yana neman ƙwace mini. Na ce shi ke nan, na kashe ubana da hannuna, saboda matan unguwa sun yi dariya.

Ina shan kwanar ƙarshe na hango titin, tifofi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na duba kan kwaltar, babu komai. Sai ga wasu mutane can gefe, kamar taku ashirin kafin titin, sun yi cincirindo a jikin shinge.

Shingen irin wanda ake kewaye gonaki da shi ne a nan, mai ƙaya da farin ruwa mai ƙuna. Baba da ya ga keken ba zai tsaya ba, kuma titi yana gabansa, sai ya karya kan keken ya faɗa ciki. Bayan shingen akwai dutse. Na kutsa tsakanin mutane ina cewa, "Babana ne, ku ba ni hanya, babana ne." Na same shi rabi a zaune rabi a kwance, an jingina shi da dutsen, hula ta yi nata wuri, jini yana bin gefen fuskarsa, jamfarsa ta jiƙe da ƙwai. Wata mata tana cire masa ƙaya a wuya. Idonsa biyu. Na zube a gabansa.

Ya dube ni ya ce, "Uwata, me ya kawo ki nan?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗaga hannunsa na dama yana kallo kamar ba nasa ba. Tunda nake ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai ran nan. Ya ce, "Hannuna ya mutu. Na matse, na matse, ban ji ya kama komai ba. Duka biyun na matse. Irin ciwon kakanki ne, haka ya fara masa, ɓarin jiki ya shanye. Uwata, tawa ta zo."

Daidai nan Kawu ya iso yana ɗingishi. Ya tsuguna wurin keken, tayar gaba ta lanƙwashe. Ya shafa ƙarfen da yatsa, ya duba yatsan, ya goge a wandonsa. Ya dube ni, sannan ya kawar da kai. Na gane nufinsa. Ba zai faɗa ba, har abada ba zai faɗa ba. Da na yi shiru da zancen ya mutu a jikin shingen nan, a ce tsufa ne. Kuma ba zan yi ƙarya ba, sai da na yi tunanin yin shirun.

Amma Baba yana ta kallon hannunsa.

Na ce, "Baba, ba hannunka ba ne. Ni ce."

Ya ce, "Na'am?"

Na ɗan ɗaga murya. Ya karkato kunne ya ce, "Me kika ce?"

Sai da na buɗe maƙogwaro gaba ɗaya, a gaban mutanen da ban sani ba, a unguwar da nake tsoron shiga: "Ni ce na zuba wa birkinka mai! Jiya! Man keken ɗinki!"

Wani ya ce, "Kai!" Matar da ke cire ƙayar ta tsaya da hannunta a sama tana kallona. Baba ya dube ni. Sannan ya dunƙule hannun, ya buɗe, ya sake dunƙulewa.

Ya ce, "Gaba da baya?"

Na ce, "Gaba da baya, Baba."

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ashe hannuna yana nan." Har da 'yar dariyarsa. Ya dubi Kawu ya ce, "Ka ga 'yarka, ba ta aiki rabi da rabi. Ku ɗaga ni, masu shayi suna jira."

Wasu maza biyu suka kama shi ta hammata. Suna ɗaga shi ya saki wata ƙara da ban taɓa jin ta fito daga bakin babban mutum ba, suka yi maza suka mayar da shi. Sai a lokacin muka lura da ƙafar hagu, ta juya waje, ta fi 'yar uwarta gajarta. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne.

An yi aiki, an yi ɗori, an yi duk abin da ake yi. Ƙashin tsoho ne, bai koma daidai ba. Baba ya ƙara shekara uku a duniya, kuma a cikinsu bai sake haura lungunmu da ƙafarsa ba. Daga ɗaki sai tabarmar zaure, da sanda a hannu ɗaya, ni a ɗaya hannun. 'Yan uwana sun zage ni, sun yi wata biyu ba sa amsa gaisuwata, ban ga laifinsu ba. Shi kuwa ko sau ɗaya bai tayar da zancen ba. Sau biyar a rana nake kai masa ruwan alwala inda yake zaune, in zuba masa a ƙafar da ta ƙi lanƙwasuwa, kuma sau biyar ɗin nan sai ya ce, "Sannu, Uwata, Allah Ya yi miki albarka."

Wallahi da ya zage ni ko sau ɗaya ne, da na fi samun sauƙi.